Yadda Ake Shafa wa Katako Kalar Ruwa Ta Fito Bai Ɗaya

Na daɗe ina aikin kafinta a Gyadi-Gyadi da ke Kano, kuma babu inda na fi ganin yara masu koyo suna tuntuɓe kamar wajen shafa kala. Yaro zai yi mako biyu yana haɗa teburi, ya auna daidai, ya yanka daidai, kusurwa ta zauna ba ko rata, sannan cikin minti goma ya ɓata shi da tsumma ɗaya. Ko a hunturun da ya wuce na ga irin haka a shagona. Teburin cin abinci ne na maɗaci, cikin kayan ɗakin wata amarya. Yaron ya fito da shi bakin shago da hantsi, ya fara shafawa daga gefe guda, aka kira shi a waya, ya gama magana ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Da kalar ta bushe sai ga baƙin layi ya raba teburin biyu, ga farin tabon gam a kusurwa huɗu, saman kuma ya yi kaushi kamar harshen kyanwa. Kwana biyu muka yi muna kankarewa, ga iyayen amarya suna ta aike. Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan ke nan, don kada wani yaron ya sake faɗawa wannan ramin.

Wanda ya bi titin Zariya daga Dangi zuwa Unguwa Uku, ko ya kutsa Court Road da titin Gidan Zoo, zai ga gadaje da kabet-kabet jere a bakin hanya. Mafi yawansu yanzu da allon MDF ake yin su, wanda ya zo da fuskarsa a lulluɓe tun daga kamfani. Irin wannan ba ya shan kala, don haka ba da shi nake ba. Maganata a kan katako na gaske ce, da filawud mai fuskar katako, irin wanda ake yin ƙofa, teburi, kujerar zaure da kantar littattafai da shi.

Abu na farko da ya kamata ya zauna maka a kai shi ne kala ba fenti ba ce. Fenti yana kwanciya a saman katako ya rufe shi. Kala rini ce, shiga take yi cikin jikin katakon ta canza masa launi, zanensa kuma ya ci gaba da fitowa. Saboda haka duk aibin da ke jikin katako, kala ba ta ɓoye shi, tona shi take yi. Kalar ruwa iri biyu za ka tarar a kasuwa. Akwai ta gari wadda ake narkarwa a ruwa, tana narkewa gaba ɗaya kamar shuɗin wanki, tana kuma shiga can ciki. Akwai ta gwangwani mai ƙwayoyin launi da ke kwantawa a ƙasa idan ta zauna, ita kuma a cikin ƙananan ramukan katakon take maƙalewa, ta fi jure hasken rana. Ina fifita kalar ruwa a kan ta tina saboda ba ta da warin da ke sa ciwon kai, ba ta kama wuta, da ruwa kawai ake wanke buroshi, ga shi kuɗin tina ya yi tashin gwauron zabi. A ƙasashen Turai ma tun dokar 2004 da ta taƙaita sinadarai masu tashi cikin iska a fenti da banish, kamfanoni suka ƙara karkata ga masu ruwa. Sai dai kalar ruwa tana da halaye biyu da suke kayar da mai koyo: tana tada gashin katako, kuma tana saurin bushewa, musamman a iskar Kano.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa. Sanfefa lamba 80, 120, 150 ko 180, 220, da 320. Ɗan guntun katako mai lafiyayyen ƙasa da za ka naɗe sanfefar a jiki. Tsumman auduga fari mai tsabta, tsohuwar singileti ta fi komai, aƙalla guda biyar. Soso, ko buroshi mai gashin roba, domin na gashin dabba yana shan ruwa ya kumbura ya saki. Bokitin roba, ba na ƙarfe ba. Sandar juyawa, yadi mai laushi na tacewa, safar hannu ta roba, takunkumin hanci, da ruwa mai tsabta. Sai kuma ragowar katakon da ka yi aikin da shi, wanda shi ne ya fi komai muhimmanci, kuma shi ne aka fi mantawa.

1. San katakon da ke hannunka

Katakon da ake saukewa a 'Yan Katako ta Na'ibawa da ta Rijiyar Lemo yawancinsa daga dazuzzukan kudu yake zuwa, kuma sau da yawa da ɗanyantakarsa yake isowa. Ɗanyen katako cikinsa cike yake da ruwa, babu gurbin da kala za ta shiga, sai ta kama nan ta ƙi can. Ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, ka ɗora tafin hannu a kai. Idan ka ji sanyi-sanyi, bai bushe ba. Ka jera shi a inuwa, ka sa ƙananan sanduna a tsakani don iska ta ratsa. In kana da na'urar auna danshi, kada ka taɓa kala sai ta nuna ƙasa da kashi 12 cikin ɗari.

Kowane katako da halinsa. Maɗaci yana shan kala lafiya lau, ba ya ba da wahala. Obece, farin katakon nan mara nauyi, shan ta yake yi kamar soso, wani wuri ya fi wani, shi ya sa ya fi kowanne yin dabbare-dabbare. Malaina ma takan yi haka. Loko kuwa yana da maiƙo a jikinsa wanda ke korar ruwa, sai ka goge shi da tsumma mai ɗan tina ka bari ya sha iska kafin ya karɓa. Idan teburi ɗaya ka haɗa shi da katako iri biyu, kada ka sa rai kala ɗaya ta mayar da su launi ɗaya.

2. Nemo tabon gam da ramukan ƙusa

Farin gam irin su Top Bond idan ya bushe ba ya ganuwa, amma ya riga ya toshe ramukan katakon. Duk inda ya taɓa, ko da yatsa ne mai gam ka dafa, kala za ta tsallake wurin ta bar shi fari fat. Yara suna son share gam da jiƙaƙƙen tsumma lokacin da ya bulbulo, wannan kuwa narkar da shi yake yi ya baza shi a faɗin katakon. Ka bar shi ya yi kamar rabin awa har ya zama kamar danƙo, sannan ka ɗauke shi da bakin kurfi. Hanyar gano ɓoyayyen tabo ita ce ka shafa ruwa a wurin: inda ya yi duhu lafiya ne, inda ya tsaya fari akwai gam, sai ka kankare.

Ƙusoshi kuma ka nutsar da kawunansu ƙasa ka cike ramin. Ruwa da ƙarfe ba sa shiri. Maɗaci da loko suna da irin sinadarin nan da ke cikin bagaruwa wanda majema ke jima da shi, kuma idan ya haɗu da ƙarfe da ruwa, baƙin tabo yake bayarwa mai kama da tawada. Wannan ne dalilin da na ce bokitin roba, kuma shi ne dalilin da ba a goge katako da soson ƙarfe idan kalar ruwa za a sa. Ɓurɓushinsa zai maƙale, washegari ka tarar da ɗigo-ɗigo baƙaƙe ko'ina. Haɗin garin katako da gam da muke cike rami da shi ma ba ya shan kala sosai, gara ka zuba masa 'yar kala tun wajen kwaɓawa.

3. Gugar sanfefa

Nan ne rabin aikin yake. Ka fara da 80 idan injin ya bar sawu, ka koma 120, sannan 150 ko 180. Kada ka tsallake daga 80 zuwa 180 don sauri, domin kowace lamba aikinta shi ne goge karcen wadda ta gabace ta. Kullum ka bi tsawon zanen katakon, kada ka gitta shi. Karcen da ya gitta ba za ka gan shi ba yanzu, amma ƙwayoyin kala za su taru a ciki ya fito baƙi ƙirin. Masu amfani da injin guga mai juyawa, ku gama da hannu, in ba haka ba zagaye-zagayen injin za su bayyana.

Kuskure na biyu shi ne wuce gona da iri. Wasu suna gogewa har 320 ko 400 wai don ya yi santsi, alhali hakan liƙe ramukan yake yi, kala ta rasa hanyar shiga. Kuma duk fuskar aikin ta samu guga daidai wa daida. Inda ka daɗe zai fito da haske, inda ka yi ha'inci zai fito da duhu. A kan filawud ka sassauta hannu, fuskarsa ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba, da ka huda ta babu gyara. Idan ka gama, ka kaɗe ƙurar da buroshi, ka bi da busasshen tsumma, ka kuma haska tocila a kwance a kan katakon. Duk karcen da ya rage zai nuna kansa.

4. Tada gashin katako tun kafin kala ta tada shi

Wannan matakin kusan babu yaron da ya zo mini yana saninsa. Sanfefa tana yanke siraran zaruruwan katako ta kwantar da su. Da ruwa ya taɓa su sai su kumbura su miƙe tsaye, shi ne kaushin da kake ji. Idan ka bari kala ce ta fara tada su, dole ka goge bayan ka shafa, gugar kuma za ta tafi da launin. Don haka ka riga ta. Ka jiƙa tsumma da ruwa zalla, ka matse, ka shafe duk aikin har ya yi duhu amma ba ruwa kwance. Ka bar shi ya bushe sarai, awa ɗaya zuwa biyu da rani, ya fi haka da damina. Sannan ka ɗauki 220 da ta ɗan tsufa ka bi a hankali, sau biyu ko uku, kamar mai share ƙura. Aske gashin kawai za ka yi. In ka danna hannu ka kai ga sabuwar fatar katakon, ka koma gidan jiya.

5. Haɗa kala da gwaji

Idan ta gari ce, ka narkar da ita a ruwan ɗumi, ka bari ta huce, ka tace da yadi, domin ƙwaya ɗaya da ba ta narke ba za ta ja maka dogon zane mai duhu. Ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse yana da kanwa-kanwa ko tsatsa, yana iya juya launin. Ledar ruwan sha biyu ko uku sun ishe ka, kuma ba su da tsada. Ka auna da cokali da kofi, ka rubuta a bango ko a littafi: cokali kaza a lita kaza. Ranar da mai kaya ya dawo yana son kujeru su dace da teburinsa, wannan rubutun ne zai fitar da kai kunya. Ka kuma haɗa wadda za ta ishi aikin gaba ɗaya har ta yi saura. A ƙiyasi, lita guda takan rufe murabba'in mita 8 zuwa 12, fuskar filawud ɗaya mai ƙafa 4 da 8 kuwa kusan murabba'in mita 3 ce. Ta gwangwani ka juya ta har ƙasa da sanda, ka riƙa sake juyawa kana cikin aiki, in ba haka ba farkon aikin zai yi haske ƙarshensa ya yi duhu.

Sannan gwaji. Ka ɗauki ragowar katakon, ka goge shi daidai yadda ka goge aikin, ka shafa, ka bari ya bushe, ka ɗora masa banish ɗin da za ka yi amfani da shi. Kalar ruwa idan ta bushe takan yi fari-fari kamar ta mutu, banish ne ke dawo da ita. Da yawa suna tsorata su ƙara shafi biyu, daga baya aikin ya fito baƙi. Wannan guntun ka nuna wa mai kaya ya amince da idonsa, don abin da Hajiya take kira ruwan goro ba lallai ne ya zama naka ruwan goron ba.

6. Zaɓen lokaci da wuri

A cikin inuwa ake shafa kala, ba a rana ba, ba a gaban fanka ba, ba kuma a bakin titi inda kowace mota ke watso ƙura ba. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Kano yakan haura digiri 40, katakon da ya sha rana yana busar da kala kafin tsumma ya kai ƙarshensa. Da hunturu iska ce ke shanye ta, ga ƙura. A waɗannan lokutan ni da sassafe nake shafawa, bayan na yayyafa ruwa a daɓen shago don ƙura ta kwanta. Da damina, musamman watan Agusta, matsalar juyawa take yi: shafawa da sauƙi, bushewa da jinkiri.

7. Shafawa

Ka kwantar da aikin idan zai yiwu, ka cire ƙofofi da aljihunan kabet ka yi su daban. Ka fara da inda ido ba ya kaiwa, ƙarƙashi da baya, don hannunka ya faɗa. Ka riƙe soso a hannun dama, busasshen tsumma a hagu, ka kashe waya.

Ka ɗebo kala da yawa ka jiƙa katakon sosai. Rowar kala ita ce ke kawo zane-zane, domin busasshen soso yana barin sawu. Ka ɗauki yanki guda mai faɗin kamar tafi biyu, ka bi shi daga wannan baki zuwa wancan ba tsayawa, sannan ka kama yanki na gaba tun gefen na farko yana jiƙe. Duk sirrin yana nan: jiƙaƙƙe ya haɗu da jiƙaƙƙe. Idan gefen ya bushe kafin ka iso, wurin haɗuwar ya sha kala sau biyu, shi ne baƙin layin da ya raba teburin amaryar nan. Bayan minti ɗaya zuwa biyu ka bi da busasshen tsumma ka share duk abin da katakon bai shanye ba, kana bin zanensa, kana juya tsumman zuwa gefe mai tsabta. Kamar lalle take, iya daɗewarta iya kamawarta, don haka lokacin da ka ba yankin farko shi za ka ba na ƙarshe. Babban aiki kamar ƙofa ko saman teburi mutum biyu ne suke yin sa, ɗaya yana shafawa ɗaya yana binsa yana sharewa.

Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya san marini yana jiƙa yadi kafin ya tsoma shi, don baba ta kama shi bai ɗaya. Haka muke yi wa obece da duk katako mai haɗamar sha: ka shafa masa ruwa kaɗan, yana da danshi ka bi da kala. Ruwan ya riga ya cike wuraren da suka fi sha, ga shi yana ƙara maka lokaci a ranar da iska ta bushe. Launin zai ɗan yi haske, sai ka cike da shafi na biyu. Bakin katako, wato inda zarto ya yanke shi a gicciye, shi ma haka: bakunan jijiyoyinsa a buɗe suke, yana zuƙar kala ya yi baƙi. Ka goge shi da lamba ɗaya sama da ta sauran jikin, ka jiƙa shi da ruwa, sannan ka shafa.

Abin da ke tsaye, kamar gefen kabet, daga ƙasa ake farawa a yi sama. Idan ka fara daga sama, kala za ta gangaro kan busasshen katako ta bar sawun da ba ya fita. Lungu da kusurwa kuma ka bi su da busasshen buroshi ka tsane abin da ya taru. In ɗigo ya faɗa inda ba ka kai ba, kada ka tsaya kallo, ka shafe yankin gaba ɗaya nan take.

8. Bushewa da ƙari

Ka ba ta awa biyu zuwa huɗu kafin shafi na biyu, in ana buƙata. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri fitowa daidai. Idan wani wuri ya fi duhu kuma kalar ta gari ce, jiƙaƙƙen tsumma zai rage shi, tunda ruwa yana sake narkar da ita. Ta gwangwani in ta bushe ba ta narkewa, sai dai sanfefa. Kada ka yi wa tabo ɗaya faci, gefensa zai fito. Ka gyara fuskar daga baki zuwa baki.

9. Rufewa

Kala ba ta kare katako daga ruwa ko datti, dole a rufe ta da sila da banish. Ka bar aikin ya kwana tukuna, da damina ma ya yi kwana biyu. Idan ka fesa sila ta tina a kan katako mai sauran danshi, za ta yi fari kamar hazo, daga baya ta ɓare. Idan banish mai ruwa za ka sa a kan kalar gari, kada ka ja buroshi, zai kwaso launin. Shafin farko a fesa shi siriri. Bayan sila ta bushe ne za ka bi da 320 a hankali, ka kiyayi kusurwoyi, nan ne sanfefa ke saurin cinye launi.

Magana ta ƙarshe a kan lafiyarka ce, kuma ina roƙon iyayen gida masu shaguna a Tarauni da kewaye su ji ta. Don kala ba ta wari ba shi ne ta zama ruwan sha ba. Kada a zuba ta a robar lemo a ajiye inda yara ke wasa, kada a ci abinci da hannun da ya taɓa ta, ragowar kuma kada a tuttula a kwata. Ƙurar katako ta fi kalar haɗari: tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa cutar dajin hanci, ƙurar loko kuma an san ta da tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Tsumman da ya sha tina ko mai a shanya shi a fili, kada a cusa shi cikin tarin garin katako.

Kai kuma mai koyo, kafin ka taɓa kayan mutane, ka roƙi maigidanka guntayen obece guda uku. Ka shafa wa na farko kala haka nan, na biyu ka tada gashinsa ka goge, na uku ka jiƙa shi kafin ka shafa. Gobe da safe ka jera su a ƙofar shago ka duba da idonka.